Sai Masu Gida, Amma Ina Mai Gidan?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Rano, ko ya tsaya a teburin mai shayi a Kibiya ran da Kano Pillars take wasa, ya san kirarin nan na "Sai Masu Gida!" Yara suna faɗinsa, manya suna faɗinsa, har da waɗanda ba su taɓa taka filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba. Mu ma muna faɗinsa, gama ƙungiyar tamu ce. Amma a watan Yuli na shekarar 2022 masu gidan nan suka faɗo daga babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya zuwa rukuni na biyu. An zagi 'yan wasa, an zagi alƙalan wasa, an zagi 'yan kallo. Mu kuwa tambayarmu dabam ce: sa'ad da gidan yake cin wuta, ina mai gidan yake?

Saboda ƙananan ɗalibai, bari mu koma baya kaɗan, domin su san girman abin da ya faɗi. An kafa Pillars a 1990 ta wurin haɗe ƙungiyoyi uku na birnin Kano, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, sa'an nan ta jera shi sau uku, a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan an tashi 1-1 a gida, 2-2 a Alƙahira, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Daga 2003 zuwa 2015, shekara 12 ke nan, babu baƙon da ya zo ya ci Pillars a gidanta cikin gasar, sai da Nasarawa United ta karya wannan ƙwarin a watan Agusta na 2015. A cikin rigar Pillars ne Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kafin Turai ta san sunansa. Ko a 2019 ma, shekara uku kacal kafin faɗuwar, ita ce ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida a Kaduna. Irin wannan ƙungiya ba ta faɗuwa don kawai ƙafafun 'yan wasa sun yi sanyi. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga yadda lissafin yake. A kakar 2021/2022 ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowace tana buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Nasara maki uku ce, kunnen doki maki ɗaya, huɗun da suka zo ƙarshe kuma su sauka. Duk mai bin gasarmu ya san cin wasa a waje abu ne mai wuya ƙwarai, saboda doguwar tafiya a mota, da baƙon fili, da ihun mutanen gari. Don haka wasan gida shi ne rumbun kowace ƙungiya. Daga nan take ɗiban abin da za ta ci har shekara ta zagayo.

To, wane ne mai Pillars? Gwamnatin Jihar Kano ce. Ita take naɗa shugaban ƙungiyar da 'yan kwamitinsa, ita take fitar da kuɗin albashi, filin wasan ma nata ne. Kuɗin kuwa daga baitulmalin jama'a yake fitowa, wato akwai kwabon mai tireda a kasuwar Rano a ciki, akwai na manomin gyaɗa a Kibiya, akwai na malamin makaranta da ake cire wa haraji tun albashin bai shiga hannunsa ba. Shi ya sa muke ganin muna da bakin magana. Kada kuma wani ya ce siyasa muka shigo da ita littafin makaranta. An ɗauki kofin 2008 a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, sauran ukun a zamanin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso. Kofin 2019 da faɗuwar 2022 duka a zamanin Dokta Abdullahi Umar Ganduje suka zo. Kamar yadda za mu gani a gaba, ciwon bai tafi tare da gwamnati ɗaya ba. Hali muke magana a kai, ba jam'iyya ba.

Abu na fari shi ne gidan kansa. A 2020, da annobar korona ta shigo, an mai da filin Sani Abacha wurin killace marasa lafiya. Babu mai hankalin da zai ga laifin wannan, gama rai ya fi ƙwallo. Gaskiya ne kuma a farkon lokacin an hana 'yan kallo shiga filayen wasa ko'ina. Amma annobar ta lafa, marasa lafiya suka watse, Pillars kuwa ta ci gaba da buga wasanninta na gida a wajen Kano, mafi yawa a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, fiye da kilomita 200 daga Kano, har zuwa watan Afrilu na 2022. Filin da aka bari haka shi ne wanda ya karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar kofin Afirka a 2000. Mutumin da ya ari ɗakin ɗansa ya kwantar da marar lafiya ya yi daidai. Amma idan marar lafiya ya warke ya tafi, ɗan kuma ya shekara yana kwana a zauren maƙwabta domin ba a gyara masa ɗakin ba, wannan ba laifin cutar ba ne. Ana kiransu masu gida, alhali kowane mako matafiya ne.

Ran 16 ga Afrilu, 2022, aka dawo gida. Abokan karawar kuwa maƙwabta ne, Katsina United, waɗanda su ma suke neman tsira da kansu. Mutanen da suka daɗe ba su ga ƙungiyarsu da ido ba suka cika fili maƙil, kowa ya zo da yunwar nasara. Wasa ya yi nisa, saura 'yan mintoci a tashi, babu wanda ya ci wani. Sai wasu 'yan kallo suka ɓalle suka shiga fili, wasa ya tsaya, aka farfasa motar baƙi. LMC, wato kamfanin da yake gudanar da gasar a wancan lokaci, ya ci Pillars tarar naira miliyan 9, ya zare mata maki uku, ya kuma ce ta koma Abuja da wasanninta na gida. Daga gudun hijirar kilomita 200 aka koma ta fiye da 400.

Ba mu wanke waɗanda suka yi wannan ɓarna ba. Abin kunya suka yi, sun kuma cuci ƙungiyar da suke cewa suna ƙauna. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A dokar gasar, tsaron fili da na baƙi da na alƙalan wasa yana wuyan mai masauki ne. Shin akwai wanda bai san yadda ranar za ta yi zafi ba? Wasan farko bayan doguwar rabuwa, da maƙwabci, ga tebur ya matse kowa. Ko shugaban ɗalibai mai kula da wasanni a makarantarmu ya san ran da gidaje biyu masu hamayya za su kara, sai an ja igiya, an jera manyan ɗalibai a gefen fili, an roƙi malamai su fito su zauna inda kowa zai gan su. Har wa yau ba wannan ne karon farko ba. A watan Yuni na 2019, a filin Agege da ke Legas, magoya bayan Pillars sun shiga fili bayan wasa da Rangers ta Inugu. An ci tarar naira miliyan 8, aka kuma dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. Mai gidan da aka taɓa yi masa irin wannan gargaɗi, ya kuma buɗe ƙofa shekara uku baya ba tare da isasshen shiri ba, ba zai ce abin ya zo masa ba zato ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce tsautsayi ne da sakaci. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mana rai.

A watan Yuni na 2022 Pillars ta kara da Dakkada ta Uyo, wadda ita ma take cikin masu neman tsira. Pillars tana gaba da ci ɗaya, sai Dakkada ta farke ana dab da tashi. A nan ne shugaban ƙungiyar na lokacin, Surajo Yahaya Jambul, ya nufi mataimakin alƙalin wasa ya kai masa hannu, a gaban jama'a da na'urar ɗaukar hoto. LMC ta same shi da laifi, ta kore shi daga harkokin gasar, ta sake zare wa Pillars maki uku.

Mu tsaya a nan mu yi tunani, ɗalibai. Wannan ba ɗan kallo ba ne da ya tsallako shinge. Shi ne mutumin da mai gida ya danƙa wa makullai. Wata biyu kafin nan aka hukunta ƙungiyarsa saboda rashin kamun kai na magoya baya, kowa kuma ya san idon hukuma yana kanta. Aikinsa a wannan rana shi ne ya zama mutum mafi sanyin zuciya a filin duka, wanda zai riƙe hannun ɗan wasan da ya fusata, ya ce masa, "Bari, akwai gobe." A ce ranar jarrabawar ƙarshe shugaban makaranta ya shiga zaure ya mari mai sa ido da hukumar jarrabawa ta aiko, aka soke sakamakon ɗaliban duka. Wane uba ne zai yarda a ce masa ai yaran ne ba su yi karatu ba? Wane malami ne kuma zai iya tsayawa washegari a wurin taron safe ya yi wa yara faɗa a kan dambe?

Wani zai ce ai alƙalan wasanmu ma ba tsarkaka ba ne. Mun ji. Suna kuskure, wani lokaci kuskuren yana da ciwo. Amma akwai hanyar da aka tanada: a rubuta ƙara, a haɗa da hoton wasan, a kai wa hukuma. Hanyar tana da jinkiri, ba kullum take biyan bukata ba, amma ba a taɓa zare wa kowa maki saboda ya bi ta ba. Mari bai soke ƙwallon Dakkada ba. Abin da ya yi kawai shi ne, wasan da aka samu maki ɗaya a cikinsa ya koma wasan da aka yi asarar uku.

Maki shida ke nan a cikin wata uku. Maki shida nasara biyu ce cif, wato minti 180 na gudu da gumi da targaɗe. Babu ɗan wasan gaba na wata ƙungiya da ya ƙwace su, babu mai tsaron gidan da ya sake su. Waɗanda ba su taɓa ƙwallon da ƙafarsu ba su suka zubar da su, a lokacin da ƙungiya take lissafin kowane maki kamar yadda uwar gida take lissafin mudun dawa a watan Agusta. Gwamnati ta sauke shugaban, ta danƙa riƙon ƙungiyar ga Alhaji Ibrahim Galadima, wanda ya taɓa shugabantar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Mataki ne mai kyau, mutumin kuma ya san aikin. Sai dai ihu ne bayan hari, gama wasannin da suka rage ba su da yawa. In akwai irinsa a Kano tun da fari, me ya sa sai da jirgi ya sha ruwa aka nemo shi?

A ganinmu nan ne ainihin laifin mai gida yake. Ba a ce gwamna ya zauna a benci ya zaɓi 'yan wasa ba, ba ma so ya yi. Aikin mai ƙungiya kaɗan ne, amma babu mai iya yi masa: ya zaɓi mutanen da suka san aikin, masu kamun kai, ya ba su wuri da kayan aiki a kan lokaci, sa'an nan ya riƙa leƙowa tun abu bai ɓaci ba. Wanda ya naɗa mutum yana da rabo cikin abin da mutumin ya aikata. Matsalar ƙungiyoyin gwamnati a ƙasar nan ita ce, sau da yawa kujerar shugaba tana cikin jerin muƙaman da ake rabawa, ranta kuma yana ɗaure da ran gwamnatin da ta ba da ita. Mai irin wannan kujera idonsa yana gidan gwamnati fiye da teburin gasa. Ba ya shirin shekara biyar, domin bai san ko zai kai baɗi ba. Idan abu ya ɓaci, mafi sauƙi shi ne a sauya mai horarwa. Tsakanin 2020 da 2022 Bafaranshe Lionel Soccoia da Ibrahim Musa da Salisu Yusuf duk sun zauna a kujerar horar da Pillars. Gonar da ake sauya mata manomi tsakanin shuka da noman farko, kowa ya san irin amfanin da za ta yi.

Mun sha jin masu cewa maganin abin shi ne gwamnati ta cire hannunta, ta sayar wa 'yan kasuwa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Mu dubi waɗanda suka sauka tare da Pillars a 2022. Akwai Katsina United, ta gwamnatin Katsina, wadda aka farfasa wa mota. Akwai Heartland ta Owerri, ta gwamnatin Imo, ita ce kuma ta fitar da Pillars a wasan kusa da na ƙarshe na Afirka a 2009, sai ga su sun sake haɗuwa a bakin rami. Ta huɗun, wadda ta zo ƙarshen kowa, ita ce MFM ta Legas, kuma 'yan'uwa, kada mu yi saurin dariya, wannan ta ikkilisiya ce, ta Mountain of Fire and Miracles, wadda ta zo ta biyu a gasar a 2017. Wadda ta ɗauki kofin 2022 kuwa, Rivers United, ta gwamnati ce. A Kano ma dattawa suna tuna Raccah Rovers, zakarun ƙasa a 1978, wadda yau sai a bakinsu ake jin sunanta. Ashe ba irin mai gida ne abin dubawa ba, yadda yake riƙon gidan ne.

Misalin da ya fi burge mu shi ne Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun, mallakar wani ɗan kasuwa, Kunle Soname. Ita ma ta san ɗacin faɗuwa, har sau biyu, a 2017 da 2019. Mai ita bai shiga fili da faɗa ba, bai kuma yi watsi da ita ba. Ya gina mata filin wasa nata na kanta, ya kafa makarantar horar da yara. Ta dawo a 2021, ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023 da 2024, ta ɗauki kofin a 2025. Ikenne ƙaramin gari ne, bai kama ƙafar Kano ba ko a yawan jama'a ko a dukiya.

Ba sai mun je Ikenne ko Ƙofar Mata ba kafin mu ga darasin. Muna da namu ƙananan ƙungiyoyi a unguwannin Rano da Kibiya da Rurum da Bunkure, kowace da uban ƙungiyarta. Mun san irin uban da ba a ganinsa sai ran wasan ƙarshe, ko in zaɓe ya matso, ya zo da riguna masu ɗauke da sunansa, a ɗauki hoto, ya tafi. Ran da yaro ya karye a fili, 'yan wasa ne suke karo-karo su kai shi wurin mai ɗori. Mun kuma san wanda yake zuwa kullum, amma da an busa abin da bai yi masa daɗi ba sai ya naɗe babbar riga ya shiga fili, yara kuma su bi bayansa da duwatsu. Su biyun nan duka mun gan su a labarin Pillars, sai dai a can kuɗin ya fi yawa, kunyar ma ta fi faɗi. Akwai na ukun, ba shi da yawa amma akwai shi: wanda yake zuwa atisaye ran Talata da babu mai kallo, ya san yaron da ba shi da takalmi, ya san wanda aka koro daga makaranta saboda kuɗi. Ɗaliban da suke riƙe da muƙamin kyaftin ko shugaban gida a bana su duba su gani wanne suka fi kama da shi.

Tun da da kuɗinmu ake tafiyar da Pillars, muna da roƙo ga 'yan majalisar jiha masu wakiltar Rano da Kibiya. Su nemi a riƙa kawo wa majalisa bayani a ƙarshen kowace kaka: nawa aka ba ƙungiyar, nawa ta samu a ƙofa, nawa aka biya tara, daga aljihun wa kuma tarar ta fito. Tarar miliyan 9 da aka ci saboda rikicin wasan Katsina United za ta sayi ƙwallaye da raga da riguna ga makarantu masu yawa a wannan yanki. Muna kuma so a rubuta ƙa'idar wanda ya cancanci shugabancin ƙungiyar, da tsawon wa'adinsa, yadda ba za a riƙa sauya shi kamar hula ba, ba kuwa za a bar shi ba in ya kauce. Jihar tana da ƙananan hukumomi 44, ya kamata masu neman 'yan wasa na Pillars su san hanyar kudancin Kano, gama akwai yara a nan da suke buga ƙwallo ba takalmi a kan tsakuwa, waɗanda ba su rasa komai ba sai mai ganinsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Pillars ba ta daɗe a ƙasa ba. A 2023 ta hau, tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos, muka yi murna, aka yi ta busa ƙahon babur a titi. A wannan shekara aka sami sabuwar gwamnati ta Injiniya Abba Kabir Yusuf, a watan Yuli na 2025 kuma aka naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar. Ran 12 ga Oktoba, 2025, Shooting Stars ta Ibadan ta zo filin Sani Abacha. Pillars tana gaba da ci ɗaya, baƙi suka farke ana dab da tashi, 'yan kallo suka shiga fili suka far wa alƙalan wasa da baƙin. A wannan karo manajan ya fito ya ba da haƙuri, wannan kuwa ci gaba ne in aka tuna 2022. Amma shingen da aka tsallaka a 2022 shi aka sake tsallakawa. Hukumar gasar ta sake cin tara, ta sake zare maki uku, ta rufe filin, ta tura masu gida su je su buga wasanninsu na gida a filin Muhammadu Dikko da ke Katsina, wato garin mutanen da aka farfasa wa mota.